Yadda Mai Gidan Abinci Zai Haɗa Farantin Yara Da Ba Ya Jawo Ƙiba

Abin da ma'aikacinka ya fara direwa a gaban yaro, shi yaron zai ci ya sha. Don haka gyaran yana farawa ne daga abin da ke rako faranti tun kafin kowa ya buɗe baki. A jihar Kalifoniya ta Amurka wannan ya zama doka tun 2019: ruwa ko madara ne ke zuwa da abincin yara, lemon kwalba kuwa sai iyaye sun nema da bakinsu.

Fara da abin sha, domin ɓarnar ta fi yawa a nan. Kwalbar lemo irin ta kola mai santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan giram 37, wato ƙaramin cokali tara. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce kada yaro mai shekara 2 zuwa 18 ya wuce giram 25 na sukarin da aka ƙara a yini, wanda bai kai shekara 2 ba kuma kada a ƙara masa ko kaɗan. Ka ga kwalba ɗaya ta zarce kason yini guda. Malt ma sukari ne cike da ita, duk da iyaye da yawa suna ɗaukarta abin ƙarin jini.

Sai ka sa ruwa mai sanyi ya zama abin da ake fara kawowa. In za ka haɗa da zoɓo, ka daina zuba sukari da ido. Auna ƙaramin cokali biyar a kowace lita, ka zuba wa yaro a kofi mai mililita 200, ya zama cokali ɗaya ke nan ya sha. Tsamin zoɓo ne ke sa masu haɗawa ambaliya da sukari, alhali ɓawon abarba da aka wanke sosai, da citta da ɗan kanumfari a cikin tafasa suna rage kaifinsa. Kada ka zabge sukarin dare ɗaya. Masu zuwa kullum za su ce zoɓonka ya lalace. Rage kaɗan-kaɗan cikin makonni. Kunun aya kuma dabino ya ishe shi zaƙi, amma yana saurin tsami a zafi, saboda haka ka haɗa na yini ɗaya kawai ka adana a sanyi.

Na biyu, sayi ƙananan faranti. Babban faranti yana sa mai zubawa ya ji kunyar barin fili, sai ya cika. Shinkafa ko taliya kada ta wuce dunƙulen hannun yaron, nama ko kifi kamar tafin hannunsa. Sauran wurin a ba kabeji, karas, kokwamba da yankan kankana ko gwanda. Kuskuren da aka fi yi shi ne a lulluɓe ganyen da mayonis, sai man da aka guda ya dawo ta bayan fage. Matsin lemon tsami da dafaffen ƙwai sun wadatar.

Soyayyen dankalin turawa kada ya zama abokin kowane abinci. Sa wake, alale ko dafaffen dankalin Hausa a madadinsa, kaza kuma a gasa. Dunƙulen ɗanɗano gishiri ne mafi yawansa, don haka idan ka sa shi, ka rage gishirin tukunya. Yaran da ba su kai shekara 4 ba a yanka musu nama ƙanana, a dafa karas ya yi laushi, kar a ba su gyaɗa guda-guda saboda shaƙewa.

Farashi ma yana da tasiri. Muddin lemon kwalba yana cikin kuɗin faranti, uba zai karɓa don kada kuɗinsa ya tafi a banza. Cire shi ka sa masa kuɗinsa daban. Sannan ka koya wa ma'aikata tambayar da za su yi. Maimakon "Wane lemo za a kawo wa yara?", su ce, "Hajiya, ruwa za a kawo musu ko zoɓo?"