Ga 'yan uwa sababbin zuwa Ingila masu son ɗaukar motar haya su zaga da iyali

Duk hutun makaranta na watan Agusta labarin ɗaya ne. Mutum ya baro Katsina ko Daura wata huɗu ko biyar, uwargida da yara sun iso, zaman ɗaki ya ishe su, sai ya ce bari ya ɗauki motar haya su leƙa Landan ko Edinburgh. Abu ne mai kyau wallahi, yaran nan suna da haƙƙin su ga gari. Amma bana kaɗai mutum uku suka kira ni hankali tashe an kwashe masu kuɗi a kati, kuma duk a inda ni ma na faɗi suka faɗi.

Tuƙin kansa ba zan daɗe a kai ba. Mu tun 1972 muke bin hannun dama, su hagu suke bi, wuni ɗaya ka saba, a shataletale ka ba wanda ya fito ta damanka hanya. Lambar iyakar gudu da ke jikin allon titi mil ce, 70 ɗin babban titi kusan kilomita 112 ke nan, cikin gari 30 in allo bai nuna ƙasa da haka ba, a Wales kuwa yawancin unguwanni 20 ne tun 2023. Yawanci kyamara ke kamawa, ita kuwa ba a ce mata yallaɓai a yi haƙuri. Lasisinka na Najeriya wata 12 yake maka aiki daga ranar da ka fara zama, kuma ba a musanya shi da nasu, sai ka zauna jarrabawa.

Inda ake cin mutane shi ne gaban kantar kamfanin haya, wurin sa hannu. Mu Katsinawa ana mana kirari da kunya gare mu ba dai tsoro ba, ina kuma alfahari da wannan, amma kunyar nan ita ta ja mani asara. Na je ɗaukar mota da yamma, ana yayyafi, ƙaramar 'yata na ta kuka a hannun mamanta, layi kuma a bayana. Yaron da ke kantar ya miƙo mani takarda mai zanen mota ya nuna inda zan sa hannu. Na ji nauyin in ce mashi zo mu zagaya motar tare, kamar ina zarginshi, na sa hannu na karɓi makulli. Kwana huɗu muka yi, ban ko gogi kowa ba. Da na maido ta sai wata ma'aikaciya ta durƙusa da fitila ta nuna mani ƙarzuwa a wilin tayar baya, wadda ba ta kai tsawon yatsa ba. Na rantse na kuma rantsewa a haka na same ta, ta ce ina hoto? Babu. Takardar nan da na sa wa hannu cewa take na karɓi mota lafiya lau. Abin da suka cire ya kusa rabin kuɗin hayar gidana na wata, na yi wata biyu ina aika saƙo, ko kwabo bai dawo ba. Ranar a bas muka koma gida, babu mai cewa uffan.

Don haka ka fahimci abin da suke kira ekses tun kafin ka biya. Shi ne kason da za ka biya daga aljihunka idan wani abu ya samu motar kafin inshora ta shigo, kuma yakan kai fam 1,000 ko ya wuce. Za su riƙe kuɗin ajiya a katinka, yawanci katin kiredit suke so mai sunan direban, na abokinka ba ya yi. Akwai inshorar da ke rufe ekses ɗin, wadda suke sayarwa a kantar ta fi tsada, ana samun mai sauƙi a intanet in ka nema da wuri. Sannan ka ɗauki bidiyo, gaba da baya, gilashi, kowace taya, kujeru, allurar mai, duk tabon da babu a takarda ka sa su rubuta, ko da mutum goma na jira a bayanka. Su kansu Turawan haka suke yi, babu mai jin haushi.

Wani abin da ke ɓata mani rai, sai ka ga mutum ya gaji a hanya ya ce wa ɗan uwansa karɓe ni, kamar daga Katsina za su Kano. Wanda ba a rubuta sunansa a takardar hayar ba in ya tuƙa babu inshora a kansa, maganar na iya kaiwa kotu. Haka kujeru, mai ɗaukar biyar biyar take ɗauka, ba a ɗora yaro a cinya yadda muke yi in za mu kallon hawan Sallah a Daura. Yaro sai ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135 kafin ya bar kujerar yara, wadda a wurinsu haya ce ta daban kullum, gara ka aro a wajen 'yan uwa. A gidan mai kan famfon fetur kore ne, na dizal da muke ce wa gas baƙi, ka duba murfin tanki kafin ka zuba.

Akwai kuma tarar da ke biyo ka gida bayan ka manta. Tsakiyar Landan akwai kuɗin cunkoso, mashigar Dartford da ke tsallaka kogin Thames a gabashin Landan ma ana biya, amma babu shingen karɓar kuɗi, a intanet ake biya kafin sha biyun daren washegari. In ka manta ko ka shiga layin bas, takarda kamfanin hayar za ta je, su ɗora nasu kuɗin a kai. Masu cewa za su tsallaka Faransa kuma, bizarka ta Ingila ba ta kai ka can, motar ma sai da izinin masu ita.

Sauran duk mai sauƙi ne. Ku ɗauki darduma da buta, ku yi kasaru a wuraren hutawa na kan hanya, abincin halal kuwa Birmingham da Bradford da Leicester sai wanda kuka zaɓa. Mutanenmu kuma Allah Ya yi masu albarka, ka ce daga Ƙofar Ƙaura kake, kafin ka iso an tuƙa tuwo an gyara maku ɗaki. Wanda zai ɗauki mota a wannan hutun ya kira ɗaya daga cikinmu da muka daɗe, mu raka shi wurin kantar mu zagaya motar tare.