Yadda Ake Ba da Aikin Ƙera Sassan Ƙarfe a Ƙasashen Waje, a Kuma Shigo da Su

Duk wanda ya ba wata masana'antar ƙasar waje aikin ƙera masa sashen ƙarfe na musamman, wanda ba a samun irinsa a kasuwa, ya kamata ya tuna cewa masu aikin ba su taɓa ganin injinsa ba, kuma ba su san wurin da sashen zai zauna ba. Abin da ke hannunsu shi ne zane da bayanin da ya aika musu, kuma shi za su bi, ko daidai ne ko kuskure. Saboda haka mafi nauyin aikin a kan takarda yake, tun kafin a taɓa ƙarfe.

Zane iri biyu ake aikawa. Akwai fayil ɗin kwamfuta mai nuna siffar sashen ta kowace fuska, wanda aka fi aikawa a tsarin STEP domin kusan kowace manhajar zane tana buɗe shi, akwai kuma zanen takarda mai ɗauke da awo da sharuɗɗa. Na biyun shi ne hujja ranar da aka sami saɓani. A cikinsa ne za ka faɗi gwargwadon ƙari ko ragin da ka yarda da shi a kowane awo, domin babu injin da ke fitar da milimita 20 cif a kowane lokaci. Idan rami ne da sanda za ta shiga ta zauna daram, sai ka rubuta cewa kada ya kauce da fiye da milimita 0.02, misali. Sauran wuraren da ba su da wannan larura kuwa, ya isa ka ambaci ƙa'idar ISO 2768, wadda ke tsara ƙari ko ragin awo na gama-gari, da ajin da kake so a cikinta. Ina ganin kuskure ne a tsaurara awo ko'ina don gudun matsala, saboda kowane tsaurarawa yana ƙara lokacin aiki da yawan abin da za a zubar, kuma mai saye ne zai biya.

Akwai wasu ƙananan abubuwa biyu da ke jawo babbar hasara. Na farko shi ne yadda ake jera fuskokin abu a zane: Amurka tana bin tsarin kusurwa ta uku, yayin da Turai da Sin suka fi bin tsarin kusurwa ta farko, kuma idan ba a sa alamar tsarin a gefen zanen ba, ana iya huda rami a hagu alhali a dama ake son sa. Na biyu shi ne zaren noti. Notin M6 kaurinsa milimita 6 ne, tazarar zarensa milimita 1, shi kuwa na inci mai lamba 1/4-20 kaurinsa milimita 6.35 ne, tazarar zarensa milimita 1.27. A ido kamar ɗaya suke, amma ɗaya ba ya ɗauruwa a ramin ɗayan sai an ɓata zaren. A rubuta cikakkiyar lambar zaren, a kuma tsaya a kan ma'auni ɗaya a zanen gaba ɗaya.

Haka ma sunan ƙarfen. Cewa kawai ana son ƙarfen da ba ya tsatsa bai wadatar ba, domin iyali ne babba. Mai lamba 304 shi ne aka fi amfani da shi, amma 316 yana ɗauke da sinadarin molibdenum kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, wanda ke sa shi jure ruwan gishiri, kuma ya fi tsada. Ido ba ya bambanta su, maganaɗisu ma ba ya bambanta su, don haka mai neman ha'inci yana iya karɓar kuɗin wannan ya yi aiki da wancan. Alminiyum ma haka yake, tunda 6061 yana karɓar walda da sauƙi, 7075 kuwa ya fi ƙarfi amma bai dace da walda ba. Abin yi shi ne ka rubuta lambar ƙarfen, ka nemi takardar shaidarsa irin ta EN 10204 mai lamba 3.1, wadda ke nuna sinadaran da ke cikinsa da lambar narkin da ya fito, sannan ka sa mai duba kaya ya gwada da na'urar XRF ta hannu, wadda ke karanta sinadaran ƙarfe cikin daƙiƙoƙi.

Yawan abin da kake buƙata shi zai zaɓa maka hanyar ƙira. Idan guda hamsin ne ko ɗari, sassaƙawa da injin da kwamfuta ke sarrafawa ta fi dacewa, saboda ba ta buƙatar mazubi. Idan dubbai ne, zubi ko bugawa da injin matsi ya fi araha a kan kowane guda, sai dai dole a fara biyan kuɗin mazubin. A nan ne mutane da yawa ke sakaci: suna biyan kuɗin mazubi ba tare da an rubuta cewa mallakarsu ne ba, sai ranar da suka so komawa wata masana'anta a hana su ɗauka. A rubuta a yarjejeniya wanda ya mallake shi, da wanda zai gyara shi idan ya ci, da kuma haramcin amfani da shi wajen yi wa wani aiki.

Neman masana'anta ba shi da wuya a yau, ko ta shafuka irin su Alibaba, ko ta baje kolin kayayyaki kamar na Kanton da ake yi a birnin Guangzhou sau biyu a shekara tun 1957. Wahalar tana wajen gane mai ƙira daga dillali. Dillali ba laifi ba ne, amma ya kamata ka san da wa kake magana. Ka nemi jerin injunansu da kayan awonsu, ka nemi a zagaya da kai cikin masana'antar ta bidiyo kai tsaye. Takardar ISO 9001 tana nuna cewa suna da tsarin kula da aiki, ba ta tabbatar da cewa sashenka zai fito daidai ba. A ganina, alama mafi kyau ita ce tambaya: wanda ya duba zanenka ya dawo yana tambayar dalilin wani awo ya fi cancantar amana a kan wanda ya ce komai mai yiwuwa ne ya turo farashi cikin awa guda.

Kada a fara babban aiki sai an ga samfur, an auna shi, an ɗaura shi a inda zai yi aiki. Idan ya yi, sai a sa hannu a kan guda biyu, ɗaya a wurinka ɗaya a wurinsu, su zama abin kwatance.

Wajen biya, abin da aka saba shi ne a ba da kafin alƙalami, sau da yawa kashi 30 cikin ɗari, a cika sauran kafin kaya su tashi. Ka ɗaure cikon da sakamakon binciken wani mai duba kaya da ba ya ƙarƙashin masana'antar, wanda zai ɗebi samfura bisa ƙa'idar ISO 2859-1, mai faɗin yawan da za a ɗeba, ya auna su, domin da zarar kuɗi sun fita kuma kaya sun hau ruwa, ƙarfin maganarka ya ragu ƙwarai. Takardar lamunin banki tana ba da kariya a manyan ciniki, amma a ƙarƙashin UCP 600, wato dokokin da ke kula da irin wannan takarda, banki takardu yake dubawa, ba ya duba kaya. Idan kuma saƙo ya zo cewa an canza asusun da za a biya, kada a tura ko sisi sai an tabbatar ta waya a lambar da aka sani tun farko, saboda wannan tsohuwar hanyar damfara ce.

Sharuɗɗan Incoterms 2020 na Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya su ne ke fayyace inda alhakin mai sayarwa ya ƙare. A sharaɗin da ake kira EXW, tun daga ƙofar masana'anta komai yana wuyanka. A FOB, alhakin mai sayarwa yana ƙarewa idan kaya sun hau jirgin ruwa, ko da yake ga kayan kwantena FCA aka fi ba da shawara, inda alhakinsa ke ƙarewa idan ya miƙa kaya ga mai jigila. CIF yana ruɗar mutane, domin mai sayarwa ne ke biyan kuɗin jirgi da inshora, amma haɗarin hanya yana komawa kanka tun daga tashar lodi, kuma inshorar da aka wajabta masa mafi ƙaranci ce.

Tun kafin a yi oda, ka zauna da ejan ɗin fiton kaya ku tantance lambar kwastam ta tsarin rarraba kaya na duniya mai suna HS, wadda lambobinta shida na farko iri ɗaya ne a ƙasashen da ke bin tsarin. Kayan baƙin ƙarfe suna babi na 73, na alminiyum suna 76, amma sashen da aka yi takamaimai domin wani inji yana iya faɗawa babi na 84, kuma kuɗin fito yana canzawa da lambar. Wasu ƙasashe suna ɗora ƙarin haraji a kan ƙarfen da ya fito daga wasu ƙasashe, don haka a bincika wannan kafin a yi lissafin riba.

Ƙarfe yana shafe makonni a cikin danshin teku, don haka a sharɗanta shafa mai, da naɗewa a leda mai hana tsatsa, da sanya abin tsotse danshi a cikin akwati. Katakon da aka ɗaure kaya a kai dole ya ɗauki hatimin ISPM 15, wanda ke nuna an kashe ƙwarin cikinsa, galibi ta hanyar gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 a ma'aunin Celsius na tsawon minti 30, in ba haka ba ana iya tsare kayan a tasha. Mai sayayya daga Sin ya sa hutun sabuwar shekararsu a lissafinsa, domin masana'antu kan rufe na makonni tsakanin Janairu da Fabrairu. Ranar da kaya suka iso, a ɗauki hoton akwatunan kafin a buɗe, a rubuta duk wata ɓarna a takardar karɓa, sannan a auna wasu daga ciki a gwada su da samfurin da aka sa wa hannu kafin wa'adin ƙorafi ya wuce.