Yadda Nake Aiki da Linux Kullum a Bauchi, da Abin da Nake Yi Idan Ta Tsaya

"Yaya, ta mutu."

Da wannan ƙanwata ta shigo mini gida a Fadamar Mada bayan Magariba, ko zama ba ta yi ba, kwamfutar tana rungume cikin hijabinta. Babi huɗu na aikin kammala karatunta suna ciki, wani mai shago kuma ya riga ya gaya mata babu magani sai fomatin. Na karɓa na kunna. Baƙin allo, ƙananan fararen rubutu, can ƙasa kalmar initramfs, ɗan layi yana ƙyaftawa a gabanta. Na ce, "An ɗauke wuta kina cikin aiki?" Ta ce e, batirin kuma ba ya riƙe ko minti biyar.

Na rubuta `exit` na danna Enter. Kwamfutar da bakinta ta faɗi ciwonta: ɓangaren /dev/sda2 na faifan ajiya yana buƙatar a duba shi da fsck. Sai na rubuta:

`fsck -y /dev/sda2`

Rubutu ya yi ta gudu a allon, ya tsaya. Na rubuta `reboot`. Kafin a kira Isha'i tana zaune kan tabarma tana duba babinta na uku, ko wasali bai ɓata ba. Abin da ya faru shi ne wuta ta yanke a daidai lokacin da na'urar ke rubutu a faifan, lissafin fayiloli ya hargitse, Linux kuma ta ƙi ci gaba don kada ta ƙara ɓarna. A taka kwamfutar sunan ɓangaren na iya zama sda1, ko sda5, ko nvme0n1p2. Kwafi wanda allonka ya nuna, kada ka kwafi nawa.

Na fara da wannan ne saboda shi ne halin Linux da na fi so mutanenmu su sani. Idan ta tsaya, takan faɗi dalili. Aikinka shi ne ka karanta kafin ka taɓa komai.

Linux babbar manhaja ce kamar Windows, wato wadda kwamfuta ke tashi da ita. Wani ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta zuciyarta a 1991, kyauta ce kuma, babu maganar lasisi ko "kirak". Abin da ya sa ake yawan tambayata ita yanzu sananne ne: Microsoft ta daina bai wa Windows 10 tallafinta na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa tana neman TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta, kuma a na'urorin Intel galibi sai ƙarni na 8 zuwa sama. Yawancin kwamfutocin gwanjo da ake kawo mini ba su kai nan ba, alhali lafiyarsu lau.

Linux iri-iri ce, kuma za ka ji masu gardama a kan wadda ta fi. Kada ka shiga wannan gardamar tukuna. Ɗauki Linux Mint. An gina ta a kan Ubuntu, fuskarta ba ta da nisa da abin da ka saba, jerin Mint 22 kuma yana da tallafi har 2029. Idan RAM ɗinka ya kai giga 8, ɗauki nau'in Cinnamon. Idan giga 4 ne ko ƙasa, Xfce ta fi maka, don ba ta da nauyi.

Fayil ɗin girka Mint ya kusa giga 3, saboda haka sauke shi da datar dare, ko ka karɓa wurin wanda ka amince da shi, tunda kwafi ɗaya ya ishi unguwa guda. Nemi filash mai giga 8, ka zuba fayil ɗin da Rufus ko balenaEtcher. Duk abin da ke cikin filash ɗin zai goge. Soka shi, kunna kwamfutar, ka yi ta danna F9 idan HP ce, F12 idan Dell ce ko Lenovo, sannan ka zaɓi filash ɗin.

Nan ne mutane ke gaggawa, nan ne kuma nake roƙon a tsaya. Mint za ta tashi daga filash ba tare da ta taɓa faifanka ba. Ba ta awa guda. Haɗa Wi-Fi, kunna sauti, gwada kyamara, ƙara haske ka rage, soka firinta idan kana da ita, rufe murfin ka buɗe ka ga ko za ta farka. Gani ya kori ji. Abin da ya yi aiki a nan zai yi bayan ka girka.

Kafin ka girka, kwashe takardunka da hotunanka zuwa wani wuri dabam, ka buɗe biyu ko uku daga can ka tabbatar sun kwafu. Za a tambaye ka ko a goge faifan gaba ɗaya ko a ajiye Mint gefe da Windows. Idan abincinka yana cikin CorelDRAW, kamar masu zanen katin biki da kalanda, ka bar Windows ɗinka, don CorelDRAW na yanzu ba a yi wa Linux shi ba. Akwai Inkscape, tana da kyau, amma ba ranar da mai aiki ke tsaye a kanka ake koyon ta ba. Sa alama a akwatin kodek don bidiyo da sauti, zaɓi Legas a taswirar lokaci, kuma kada ka fara girkawa sai kana da tabbacin wuta, ko ta sola ko ta janareta.

Ranar farko abu biyu nake yi. Na ɗaya, Timeshift: ka buɗe ta, ka ɗauki hoton tsarin yana lafiya, ta yadda idan wani abu ya lalace gobe za ka mayar da shi yadda yake yau. Amma ka riƙe wannan da kyau, Timeshift tsarin kwamfuta take adanawa, ba takardunka ba. Su kai ne za ka riƙa kwafewa a filash duk mako. Na biyu, sabuntawa ta Update Manager, wato ɗan garkuwar nan da ke ƙasan allo. Ta farko tana cin data sosai. A wurin sauke manhajoji kuma za ka ga wasu an rubuta musu Flatpak. Sukan zo da kaya masu nauyi, manhajar da ka zaci ƙarama ce sai ta ja ɗaruruwan mega. Duba girman kafin ka danna.

Aikina na kullum rubutu ne: takardun jarrabawa, wasiƙu, rahoton ƙungiyar unguwa. LibreOffice Writer na buɗe fayil ɗin docx, tana kuma ajiyewa a docx. Inda ake samun saɓani shi ne salon haruffa. Takardar da aka rubuta da Calibri idan ta zo wurin da babu shi, layuka sukan goce, shafi goma ya koma sha ɗaya. Maganin shi ne ka buɗe Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta:

`sudo apt install fonts-crosextra-carlito fonts-crosextra-caladea ttf-mscorefonts-installer`

Carlito faɗinsa ɗaya da Calibri, Caladea ɗaya da Cambria, na ƙarshen kuma shi ke kawo Times New Roman da malamai ke nema a aikin ɗalibai. Idan ka rubuta kalmar sirri a Terminal ba za ka ga komai a allo ba, ko ɗigo. Haka take, rubuta ka danna Enter. Sannan duk takardar da za ka kai shagon buga takardu, mayar da ita PDF tun daga gida. Yadda ka gan ta haka za ta fito.

Haruffanmu masu ƙugiya ma suna nan, kuma abin yana damuna idan na ga an rubuta "kasa" ana nufin "ƙasa" don kawai an rasa madanni. A yawancin manhajoji ka danna Ctrl da Shift da U tare, ka rubuta lamba, ka danna Enter: 0199 na ba da ƙ, 0257 na ba da ɗ, 0253 na ba da ɓ. A Writer kuwa ka rubuta lambar ka danna Alt da X. Ni na shiga jerin gyaran kai-tsaye na Writer na zuba kalmomin da na fi yawan rubutawa, yanzu da kansu suke gyaruwa.

To, sai matsaloli. Wadda ta fi zuwa mini bayan ta ɗauke wuta ita ce Wi-Fi ya ƙi fitowa. Kafin komai rubuta `rfkill list`. Idan ka ga an ce an toshe, wataƙila wani ɗan maɓalli ne a gefen kwamfutar ko a saman madannai aka taɓa. Idan toshewar ta manhaja ce, `rfkill unblock all` zai buɗe. Idan ba wannan ba ne, `lspci` zai nuna maka sunan katin. Tsofaffin kwamfutoci da yawa katin Broadcom ke cikinsu, shi kuma yana buƙatar direba na musamman, wato ƙaramar manhajar da ke sa katin aiki. Za ka ce ta yaya zan sauke direba babu intanet? Da wayarka. Haɗa ta da kebul ɗin caji mai ɗaukar data, kunna raba intanet ta USB a saitin wayar, Mint za ta gane ta nan take. Buɗe Driver Manager, zaɓi wanda ta ba da shawara, ka sake kunnawa. Idan har yanzu shiru, duba Secure Boot a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin babbar manhaja ta tashi, domin yakan hana irin wannan direban tashi.

Ta biyu ita ma 'yar wuta ce. Ana cikin sabuntawa kwamfuta ta mutu, ka dawo ka ga komai ya ƙi girkuwa, ana ambaton dpkg. Layi biyu ne, ɗaya bayan ɗaya:

`sudo dpkg --configure -a`

`sudo apt --fix-broken install`

Na farko yana ƙarasa aikin da aka bari a rabi, na biyu yana kawo abin da ya rage. Idan kuwa saƙon yana maganar lock ne, wato makulli, ma'anarsa wata manhajar tana girka abu a bayan fage. Rufe Update Manager, ka jira minti goma. Za ka ga masu cewa ka goge fayil ɗin makullin. Kada ka yi, haka ake mayar da ƙaramin ciwo babba.

Akwai wadda ke tsorata mutane ainun: ka sa kalmar sirri daidai, allo ya yi baƙi, ya dawo da kai wurin sa kalmar sirri, haka dai kamar rakiyar kura. Sau da yawa faifai ne ya cika. Danna Ctrl da Alt da F2, shiga da sunanka, rubuta `df -h`. Idan layin da ya ƙare da / yana nuna 100%, ka kama ɓarawon. `sudo apt clean` da `sudo apt autoremove` za su samar da wurin numfashi, `sudo journalctl --vacuum-size=200M` ya ƙara. Bayan ka sake kunnawa ka shiga yadda ka saba, buɗe Timeshift ka rage tsofaffin hotuna. Wani abokin aikina hotuna sama da goma na tarar a ƙaramin faifansa mai giga 128, bai ma san ana ɗauka ba. Biyu ko uku sun isa.

Idan kuma jiya lafiya, yau bayan sabuntawa sauti ya ɗauke ko allo ya rikice, sake kunnawa kana riƙe da Shift, ko kana danna Esc a sababbin na'urori, har jerin GRUB, wato zaɓin abin da kwamfuta za ta tashi da shi, ya fito. Shiga zaɓi na biyu, ka ɗauki kanel ɗin da ya gabata, wato tsohuwar zuciyar. Tana nan ba a goge ta ba. Idan matsalar ta tafi, ka san inda take, sai ka zauna a kan tsohuwar har wata sabuntawar ta zo.

Masu Windows da Mint a kwamfuta ɗaya suna yawan kukan agogo ya goce da awa guda. Lokacinmu yana gaban UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, da awa ɗaya. Linux na ajiye agogon na'ura a UTC, Windows na ɗaukar sa a matsayin lokacin gida. `timedatectl set-local-rtc 1` yana sasanta su. Haka nan idan Mint ta ƙi barin ka rubuta a ɓangaren Windows, koma can ka kashe Fast Startup, ka kashe kwamfutar sosai.

Ba kowane laifi ne na manhaja ba. Kwamfutar da ke mutuwa da kanta a zafin Maris da Afrilu na Bauchi, bayan ƙurar hunturu ta shekara ta taru a fankarta, ko sau goma ka sake girka Linux ba za ta daina ba. Sa hannu a bakin iskar. Idan zafi ne kawai babu iska, kai ta a buɗe a share. Kada kuma a ɗora ta kan katifa.

Wata rana za ka haɗu da abin da ba ya cikin nan. Ɗauki hoton saƙon da waya, gaba ɗayansa. Rubuta `inxi -Fxz`, wanda ke lissafa kayan cikin kwamfutarka yana ɓoye bayanan sirri. Tuna abu na ƙarshe da ka yi kafin ta tsaya. Da waɗannan ukun za ka je wurin wanda ya sani, ko ka nemi saƙon a intanet harafi da harafi. Canza abu ɗaya a lokaci guda, ka rubuta abin da ka canza. Umarnin da ya fara da sudo kuma ba ka san aikinsa ba, musamman mai ɗauke da `rm -rf` ko `dd`, kada ka liƙa shi don wani ya ce.

Filash ɗin da ka girka da shi, kada ka goge shi ka zuba waƙoƙi. Ranar da kwamfuta ta ƙi tashi sam, da shi za ka shiga ka kwashe fayilolinka. Nawa yana cikin aljihun jakata, na ɗaura masa jan zare. Ƙanwata kuwa na sa ta kwafi babinta huɗu a filash biyu a daren nan kafin ta hau Keke, washegari muka shiga Wunti neman batir.