Sito ko ɗakin wanki: wanne za ki fara ware wa wuri a gidan Legas?

Da muka sayi rabin fuloti a Agege, ƙafa 60 sau 60, abin da na fara gaya wa mai zanen gidan shi ne ya fitar mini da ƙaton sito a jikin kicin. Ni Bakatsiniya ce, na tashi a gidan da ake sayen hatsin shekara da kaka, a jibge gero da masara da wake har wata kakar ta zagayo. Mutumin ya ce, "Hajiya, injin wanki fa? Batiran wuta fa?" Na ce ko a baranda ma a ajiye su. Damina ɗaya ta koya mini hankali. Buhun masarar da ke jingine da bango ya yi funfuna, waken ya cika da ƙwari, injin wankin kuwa yana baranda ruwa na dukansa, ƙasansa duk tsatsa.

Don haka 'yar'uwa, tun zane yana kan takarda, ki raba kayan gidanki gida biyu: masu buƙatar ruwa ko wuta ko iska, da waɗanda busasshen wuri kawai suke so. Na farkon su ake fara zaɓa wa wuri. Bututun ruwa da wayar wuta a cikin bango ake binne su, magudana kuma a ƙarƙashin daɓe. In an yi filasta an manna tayil, sauya musu wuri sai da fasa gini, ki biya mai famfo, ki biya magini, ki sake sayen siminti. Sito kuwa ko bayan shekara biyar kafinta zai iya fitar miki da shi da katako.

Ɗakin wanki ba ya cin fili kamar yadda ake zato. Yawancin injinan wanki faɗinsu wajen santimita 60 ne, don haka ɗaki mai mita ɗaya da rabi sau mita biyu ya ishi inji da wurin jiƙa kaya da teburin guga. Ki sa a haɗa bangonsa da na kicin ko na banɗaki, bututu ya gajarta. Ki tsaya da kanki ranar daɓe: a karkatar da shi zuwa ramin fitar ruwa, ki zuba bokiti guda ki ga inda ruwan ya nufa kafin ki sallami mai aiki. A bar taga babba. In da hali a ja masa rumfa mai rufi don shanya, domin a Yuni da Yuli a nan Legas kaya na iya kwana biyu a igiya ba su bushe ba, su ɗauki wannan warin da ko turaren wuta ba ya kashe shi.

Batiran inbata, wato na'urar da ke ba gida wuta in an ɗauke, musamman irin waɗanda ake ƙara wa ruwa, suna fitar da iska lokacin caji. Wurinsu daban, mai shan iska, a ɗaga su daga ƙasa saboda ambaliya. Kada su haɗu da abinci. Tukunyar gas a waje, cikin keji mai makulli, bututu ya ratsa bango zuwa murhu, saboda gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo a rufaffen sito ƙasa yake kwanciya ya taru. Janareta kuwa ba a shawara a kansa: waje, nesa da tagar ɗakin kwana. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, a cikin barci take kashe mutane.

Dokar gini ta jihar Legas tana sa a bar tazara tsakanin gini da katanga. Ni da farko asarar fili na ɗauke ta. Can muka kai tankin ruwa da injin jan ruwa, amma ba mu gina ɗaki a wurin ba.

To sai sito. Ki auna shi da abin da gidanki ke ci a wata biyu, ba shekara ba. Ga kasuwar Mile 12, ga ta Agege a hancinmu, me zai sa ki tara wa ƙwari abinci? Nawa yanzu a ƙarƙashin matakalar bene yake: kantoci masu zurfin santimita 40 har sama, shinkafa da wake a durom na roba mai murfi, komai a kan katako, ba abin da ke taɓa daɓe ko bango. Ki kiyaye kada ya haɗa bango da banɗaki, danshi yana ratsa bulo.

Akwai gidan da sito ya fi cancanta da filin. Maƙwabciyata tana saro yaji da kuka da daddawa daga Kano tana sayarwa, wankinta kuma ɗan wanki da guga take ba wa. Ita ɗaki guda ta ware wa kayan sana'arta, da fanka da taga mai raga, kuma daidai ta yi. Ni kuwa mai yara biyar 'yan makaranta, yunifom kullum a jiƙe, tsohon siton nan nawa muka fasa wa bango muka ja masa famfo ya zama ɗakin wanki, kuɗin aikin kuma maigida har yau yana tuna mini da shi.