Yadda za ka shiga Mastodon ba tare da ka zame wa adimin kaya ba

Tun da gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 har Janairun 2022 ake ta tambayar wai babu dandalin da makullinsa ba a aljihun mutum ɗaya yake ba? Wasu suka ruga Koo ta Indiya, ita ma a 2024 ta rufe shago. To akwai Mastodon, wanda Eugen Rochko ya fito da shi a Jamus a 2016, sabobi ne barkatai (sabar ita ce kwamfutar da ke riƙe da akawun ɗinka da rubutunka), kowace da mai kula da ita, wato adimin, suna gaisawa da juna ta tsarin da ake kira ActivityPub. Abin da ba a faɗa wa sabon shiga kuwa shi ne yawancin masu sabar nan ɗaiɗaikun mutane ne da kuɗin aljihunsu, don haka rabin aikin naka ne.

Da farko kar ka yi gaggawar zaɓen sabar. Kamar kama gidan haya ne, sai ka san halin mai gidan kafin ka sauke kaya. Shiga joinmastodon.org, sabobin da aka jera a can sun ɗau alƙawari huɗu: za su riƙa share kalaman ƙiyayya da wariya, za su ajiye kwafin bayanai kullum, akwai aƙalla mutum na biyu da zai iya shiga injin idan adimin ya kwanta ciwo ko ya ɓace, sannan in za su rufe sai sun sanar wata 3 kafin nan. Wannan shi ne kasonsu. Naka kuma ka karanta dokokin sabar tun kafin ka buɗe akawun, ba sai an dakatar da kai ka zo kana kumfar baki ba, kuma ka leƙa ka ga yaushe rabon adimin ɗin da yin magana, in wata da watanni ne shiru to wuce gaba.

Na biyu, saƙon da ka tura wa mutum ɗaya a ɓoye ba a kulle yake ba, adimin ɗinka da na wancan mutumin duk za su iya gani in sun ga dama. Sirrin iyali da lambar banki a kai su manhajar Signal, wadda saƙonninta a kulle suke.

Sai batun kai ƙara, nan ne mutanenmu suka fi sakaci. Wani ya zage ka ko yana yaɗa ƙarya, ka yi bulokin ɗinsa ka yi gaba abinka, to kai ka huta amma shi yana nan yana ɓarna. Danna wurin kai rahoto, in mutumin a wata sabar yake akwai zaɓin a tura kwafin ƙorafin can ma. Kuma dan Allah in da Hausa aka yi zagin ka yi bayani da yaren da adimin zai gane, bawan Allah yana Jamus ko Faransa ina ya san habaici da gugar zana? In kana da lokaci ma ka ce za ka taya su duba rubutun Hausa. Abin ya shafe ka kai tsaye, don sabar da ta bari shara ta taru sauran sabobi yanke hulɗa suke da ita gaba ɗaya, haka aka yi wa wani dandali mai suna Gab a 2019, kuma in aka yanke har kai da ba ka yi komai ba mabiyanka na can sun daina ganinka.

Na huɗu kuɗi. Babu talla a Mastodon, hotuna da bidiyon da kake lodawa kuwa wani ke biyan kuɗin ajiyarsu duk wata. Da yawa suna karɓar gudummawa ta Patreon ko makamancinsa, in da hali ka jefa ko kaɗan ne, in babu to aƙalla rage loda bidiyo masu nauyi ba gaira ba dalili.

Na ƙarshe ka shirya ƙaura tun ba ta zo ba. A saitin akawun akwai wurin sauke jerin waɗanda kake bi a fayil ɗin CSV, riƙa yi lokaci-lokaci. Ranar tashi sai ka fara buɗe sabon akawun, a can za ka rubuta sunan tsohon, sannan ka koma tsohon ka danna ƙaura. Mabiya za su biyo ka amma tsofaffin rubuce-rubucenka ba sa bi, kuma dole tsohuwar sabar tana aiki lokacin, in ta riga ta mutu shikenan sai dai ka fara tara mutane daga farko.