Yadda za ka zaga gidan tarihin Fatahillah na Jakarta, daga kurkuku zuwa bene

Ranar Litinin na fara zuwa, na iske ƙofa a garƙame. Laifina ne, ban tambayi kowa ba kafin in fito. Na tsaya a fili ina share gumi, masu hayar keke suna kallona suna murmushi, don da gani ba ni ne baƙon farko da ya yi wannan wautar ba. To ka riƙe wannan tukuna: gidan ba ya buɗewa ranar Litinin. Sauran ranaku ƙarfe tara na safe ake buɗe ƙofa, kuma kafin yamma ta yi an fara sallamar mutane. Sammako ya fi. Idan da hali ka zaɓi tsakiyar mako, domin Asabar da Lahadi filin cika yake yi maƙil, ba masaka tsinke.

Unguwar sunanta Kota Tua, wato tsohon gari da harshen Indonesiya, tana arewacin Jakarta wajen teku. Kada ka ce sai ka ɗauki tasi daga tsakiyar birni, cunkoson motoci zai cinye maka safiyar. Ka hau jirgin ƙasa na cikin gari ka sauka a tashar Jakarta Kota, wadda 'yan gari ke kira Beos, ko ka shiga bas ɗin Transjakarta mai tasowa daga Blok M, ƙarshen layinta Kota. Daga tasha zuwa filin ba ka cika minti goma a ƙafa ba. Ka riƙe gorar ruwa da lema. Zafin garin mai danshi ne, riga takan manne maka a baya tun kafin hantsi.

Da ka shiga filin kada ka yi gaggawar sayen tikiti. Je ka tsakiya, inda wani ɗan gini mai kusurwa takwas yake a gurbin da mutanen gari suke ɗiban ruwa a da, ka juyo ka fuskanci gidan. Fari ne, dogo, hawa biyu, tagoginsa kore, rufinsa jan tayil, da 'yar hasumiya a tsakiya. An aza harsashinsa a 1707 zamanin gwamna Joan van Hoorn, aka gama a 1710 zamanin Abraham van Riebeeck, kuma fasalinsa kwaikwayon babban gidan majalisar birnin Amstadam ne. Turawan Holan suna kiransa Stadhuis, gidan hukumar gari. A zamaninsu a nan ake ɗaura aure a rubuce, a nan ake biyan haraji, a nan kotu take zama, a nan kuma ake tsare mutane. Kalmar da za ka gani a goshin ginin, Gouverneurskantoor, ta baya ce, daga lokacin da ya zama ofishin gwamnan lardin Jawa ta Yamma. Gidan tarihi kuwa sai a ranar 30 ga Maris 1974 ya zama, a hannun gwamnan Jakarta Ali Sadikin.

Sunan da ake kiransa da shi yau ma abin lura ne. Fatahillah kwamandan Musulmi ne da ya ci tashar jiragen ruwa ta Sunda Kelapa a 1527, ya sa mata suna Jayakarta. A 1619 Jan Pieterszoon Coen, gwamnan VOC, kamfanin Turawan Holan, ya ƙone Jayakarta ya kafa Batabiya, wato Jakarta ta yau, a kan tokarta. Kamfani ne fa, na 'yan kasuwa masu neman kanumfari da masoro da gyaɗar ƙamshi, an kafa shi a 1602, amma yana da sojoji da igogi da ikon yanke hukuncin kisa. Yau gidan da kamfanin ya gina yana amsa sunan mutumin da suka rushe wa gari.

Tikitin baƙo ya fi na ɗan ƙasa tsada, amma ba abin da zai girgiza aljihu ba ne. Idan wani ya tare ka ya ce zai yi maka jagora, ku daidaita a kan kuɗi tun kafin ku ɗaga ƙafa.

Ga shawarar da ta sa na zauna rubuta wannan. Yawancin masu shiga suna bin ɗakunan ƙasa, su hau bene, su sha kallon kujeru, sai a ƙarshe, ƙafa ta gaji, su leƙa kurkuku su ɗauki hoto su fita. Ni na ce ka juya tsarin. Ratsa ginin ka fita tsakar gida ta baya, ka fara da kurkukun.

Ɗakunan suna ƙarƙashin ginin, a jere, bakinsu yana kallon tsakar gidan. Ƙofar gajeriya ce ƙwarai. Na sunkuya, na zaci ya isa, ashe bai isa ba, goshina ya gaisa da dutse har sai da na ga taurari. Ciki rufin a lanƙwashe yake kamar bakin tanda, babba ba ya iya miƙewa tsaye. Haske ta wata taga mai sandunan ƙarfe kaɗai yake shigowa. A ƙasa ga dunƙule-dunƙulen ƙarfe a zube, wasu sun kai girman kwakwa, wasu sun fi, irin waɗanda ake haɗawa da mari a ƙafar ɗan kaso. Na sa hannu biyu na gwada ɗaga guda, da ƙyar na motsa shi. Bango yana gumi, wari irin na tsohuwar rijiya. Ban yi minti uku a tsugune ba na ji numfashina yana sama-sama, alhali ni kaɗai ne a ciki kuma ƙofa a buɗe take. A da cusa mutane ake yi a rufe, cututtuka suna kashe da yawa tun shari'arsu ba ta zo gaban alƙali ba. Ƙasar wurin fadama ce, ruwa yakan taru a wasu ɗakunan.

Idan ka fito ka ɗan tsaya a tsakar gidan. A watan Oktoba na 1740, zamanin gwamna Adriaan Valckenier, an yi wa 'yan Sin mazauna Batabiya kisan kiyashi, kimanin mutum dubu goma, kuma waɗanda ke tsare a wannan kurkuku fito da su aka yi aka kashe. Yanzu akwai itatuwa da inuwa da benci, yara 'yan makaranta suna cin guzurinsu. Mutum-mutumin tagulla da ke tsaye da ƙafa ɗaya a wurin Hermes ne na tatsuniyoyin Girka, daga gadar Harmoni aka ɗauko shi. Kallo ɗaya ya ishe shi.

Sai ka hau bene. Matakalar katako ce mai fāɗi, daɓen ma katako, yana 'yar ƙara idan an taka. Ɗakunan manya ne, rufi can sama, tagogi sun fi mutum tsawo, iska tana ratsawa. Kayan ɗaki na ƙarni na 17 zuwa na 19 ne suka cika wurin: kujeru na baƙin katako da aka sassaƙa wa furanni, gadaje masu rumfa, tebura, akwatuna masu maƙullan tagulla. Aikin hannu ne na gani na faɗa, salon Turai ya gauraya da na Sin da na Jawa. Akwai wani ƙaton kabad na 1748 da aka yi don littattafan kotu, an shafa wa sassaƙarsa ruwan zinariya. Da a ce daga nan na fara, da sai in ce masha Allah in wuce. Amma goshina yana zugi, gwiwar wandona da ƙurar kurkuku, kuma na san daidai ƙarƙashin wannan daɓe ɗakunan nan suke. Alƙali yana zaune a kan kujera mai laushi, iska tana kaɗa shi, wanda zai yanke wa hukunci yana tsugune cikin ruwa 'yan taku kaɗan a ƙasansa.

Ka nemi dogon zanen nan na hukunci uku da aka yi don zauren shari'a. A ciki akwai hukuncin Annabi Sulaiman, alaihis salam, tsakanin mata biyu masu jayayya kan jariri, akwai kuma na sarkin Farisa da ya sa aka feɗe alƙali mai cin hanci. An rataye shi ne don alƙalai su riƙa gani suna tsoron zalunci. Daga nan ka matsa tagar tsakiya ka leƙa filin. Inda ka ga 'yan mata suna yawo a kan kekuna masu launin ruwan hoda da shuɗi, a da a nan ake rataye mutane ana fille kawuna, manyan gari suna kallo daga sama bayan an kaɗa ƙararrawar hasumiya. Takobin hauni yana cikin kayan da gidan ya adana.

Akwai ɗakin da na fi daɗewa a ciki, na Yarima Diponegoro. Ɗan gidan sarautar Yogyakarta ne, mutum mai riƙo da addini, wanda ya jagoranci yaƙin Jawa daga 1825 zuwa 1830, yaƙin da ya kusa talauta gwamnatin Holan. Ba a fagen fama aka kama shi ba. Janar De Kock ya gayyace shi sulhu a Magelang, ranar 28 ga Maris 1830, ana cikin bukukuwan ƙaramar Salla, ya zo da rawaninsa, aka tsare shi. An kawo shi wannan gida ya yi 'yan makonni, ba a ramin ƙasa ba, a ɗaki na sama saboda darajarsa, sannan aka sa shi a jirgin ruwa zuwa Manado, daga baya Makassar, inda ya rasu a 1855. Alhazanmu da suka saba haɗuwa da mutanen Jawa a Makka, idan suna son sanin irin tarihin da ke bayan waɗannan mutane masu sanyin hali, to su tsaya a ɗakin nan su karanta abin da ke bango a tsanake.

Ɗakunan ƙasa ka bar su a ƙarshe, ba sa cin lokaci. Akwai kwafin dutsen Ciaruteun mai sawun ƙafafun Sarki Purnawarman na daular Tarumanagara, tun ƙarni na 5, da kwafin ginshiƙin da 'yan Fotugal suka kafa a 1522 bayan yarjejeniyarsu da masarautar Sunda. Wanda ba za ka wuce ba shi ne ƙaton zanen Sudjojono na harin da Sultan Agung na masarautar Mataram ta Jawa ya kai wa Batabiya a 1628 da 1629, ya cinye bango guda. Awa biyu sun isa ka gama gidan duka, uku idan kai mai karanta kowane allo ne.

Da ka fito, ka nemi igwar da ake kira Si Jagur. Ta 'yan Fotugal ce, Turawan Holan suka kwaso ta daga Malaka bayan sun ci garin a 1641. Gindinta dunƙulallen hannu ne, babban yatsa a soke tsakanin 'yan'uwansa, kuma a da mata masu neman haihuwa sukan zo su zauna a kanta. Camfi dai ba ya rasa gida ko'ina. Masu shafa fenti a jiki su sandare kamar gunki, idan ka ɗauki hoto da su ka jefa musu wani abu a kwano, sana'arsu ke nan.

Azahar za ta same ka a wurin. Kalmar da za ka tambaya ita ce mushola, kowa zai nuna maka wurin salla mafi kusa. Idan yunwa ta taso ka gwada kerak telor, wainar ƙwai da shinkafa mai danƙo da kwakwa, wadda mai yi yakan kife kaskon a kan garwashi don samanta ya gasu. Mai kuɗi ya haye benen Cafe Batavia ya kalli filin daga inuwa. Gidan tarihin 'yan tsanan wasan gargajiya da ake kira wayang yana yamma da filin, a gurbin tsohuwar cocin da aka binne Coen. Ni dai da na yi salla sai na nufi arewa, tafiyar da ba ta kai kilomita biyu ba, zuwa tashar Sunda Kelapa, inda har yanzu manyan jiragen katako suke jere leburori suna loda musu siminti da buhuna, na zauna a bakin ruwa ina dafe da ƙulun goshina har rana ta yi sanyi.