Yadda na fidda man ja daga farar shaddata

Ranar sunan ɗan ƙanwata a Tawa, miyar man ja ta zube mini a gaban farar shadda. Na yi ta cuɗa da sabulu da ruwan rijiya, kumfa ta ƙi tashi, sai wata dauɗa fara-fara da ke tasowa saman ruwan. Tabon kuwa yana nan daram.

Ashe laifin ruwan ne. Kowace ƙwayar sabulu kai biyu gare ta, ɗaya na kama mai, ɗayan na kama ruwa. Sai ƙwayoyin su kewaye ɗigon mai, su dunƙule shi, ruwa ya tafi da shi. To ruwan rijiyarmu yana da sinadarin kalsiyam da yawa, shi ke riga man kama sabulun, ya mai da shi wannan dauɗar.

Inna ce ta ce, "Jiƙa kanwa mana, ɗan nan." Kanwa na kwantar da kalsiyam ɗin ƙasa. Na jiƙa kaɗan, na tace, na zuba cikin ruwan ɗumi don man ya saki, na goga sabulu kan tabon kai tsaye. Nan da nan kumfa ta tashi. Ɗan jan da ya rage, rana ce ta cinye shi a kan igiya.